Neman Gilashin Barkono a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram bencin ƙofar shagona bai huta ba. Wanda ya kawo ɗinki zai tambaya, wanda bai kawo komai ba sai bakinsa shi ma zai tambaya: "Habu Tela, wai da gaske ne ka kai motar kawunka ƙasar Faranshi?" Na ba da labarin nan har maƙogwarona ya bushe, kuma duk wanda ya tashi sai ya ƙara masa gishiri a hanya. Jiya na ji an ce wai jandarmomi sun ɗaure ni kwana bakwai. Ƙarya ne, awa biyu ne, kuma ba ɗauri ba ne, zama ne a kan benci. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in koma kan kekena.

Kawu Sale yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, shi ya koya min tuƙi, da ya ga hankalina ya fi karkata ga allura kuma shi ya saya min keken ɗinki. Shekara goma sha takwas ya yi yana tuƙa wani Bature mai sayen gyaɗa. Da aka sami mulkin kai Baturen zai koma gida, sai ya bar masa ƙaramar motarsa ta shan iska. Ja ce, kujera biyu tak, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya, ga ta ƙasa-ƙasa, in ka shiga kamar a tabarma ka zauna. Mutanen Kazaure suka sa mata suna Barkono, don ƙanƙanta da ja da zafin gudu. Kawu ya yi mata rumfarta daban a cikin gida, tsumman da yake goge ta da shi ya fi rigar Sallata laushi.

Da Allah ya kira shi Makka bana, ranar tafiya ya tara mu ya nemi gafarar kowa kamar yadda aka saba. 'Ya'yansa maza uku suna zaune, amma ni ya kira ya danƙa wa makulli.

"Habu, duk Juma'a ka tashe ta, ta yi ɗumi, ka kashe. Kada tayarta ta taka bakin ƙofa."

"To, Kawu."

"Ka ji ko?"

"Na ji, Kawu."

Juma'a uku na cika alkawari. Ta huɗu ta zo daidai da sunan ɗan wani abokina a Roni. Na tashe ta da sassafe, tana wannan gurnanin nata mai shiga har cikin ƙirji, sai zuciya ta ce min ai Roni nan ce da nan. Ban san sanda na buɗe ƙyaure ba. Shigata Roni kuwa, wallahi har aka manta da ragon suna, kowa ya zo yana shafa ta, ni kuma ina ta hura hanci kamar ni na ƙera ta. A hanyar dawowa na haɗu da tifar masu aikin hanya, don yanzu da kuɗin mai ya fara shigowa ko'ina ka duba tifa ce. Ta wuce ni da gudu, sai na ji ƙas! Tsakuwa ta daki gilashin gaba, daidai saitin idon direba. Ga wani ɗan tauraro kamar ƙwayar dawa, da 'yar jela siririya ta nufi sama. Na tsaya a gefen hanya na yi salati ya fi a ƙirga.

Iya Abu, matar Kawu, tana tsaye a tsakar gida na shigo. Ta dubi gilashin, ta dube ni, ta ce, "Ni ban gani ba, ban ji ba. Amma in ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba." Ta shige ɗaki.

Na ruga wurin Ilu Bakanike. Ilu abokina ne, haifaffen Babura, mutumin da tun da nake da shi ban taɓa jin ya ce bai san abu ba. Ya zo ya duba, ya yi fito, ya aika aka kawo tafarnuwa ya goga a kan tsagar, wai tana hana ta tafiya. Barkono ta kwana tana warin miya, da safe jelar ta ƙaru da rabin yatsa. Na yi kusan mako guda ina zagaye Kano, duk shagon da na shiga sai a girgiza kai. Wani Bakware, irin Larabawan nan masu kanti, ya ce zai iya aikawa Ingila a kawo ta jirgin ruwa, wata uku. Ranar ƙarshe kuma na ji a rediyo jiragen alhazai sun fara dawowa, aka ce na mutanenmu bai fi saura kwana takwas ba.

Ilu ne ya ce, "Kwantar da hankalinka. Gilashin Barkono shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da lanƙwasa, yankawa ake yi. Akwai wani tsoho a Damagaram, Malam Isufu, yana yanka irinsa daga gilashin tsofaffin motocin sojan Faranshi. Amma sai ya ga motar da idonsa."

Kun ji fa. Motar da aka ce kada ta taka bakin ƙofa, ga shi don in rufe laifin kai ta Roni zan kai ta wata ƙasa. Na san garin nan ba ya riƙe magana, ko ba jima ko ba daɗe Kawu zai ji. Abin da nake nema kawai kada ya dawo daga ɗakin Allah ya tarar da amanarsa a fashe.

Muka tashi bayan asuba, Ilu a kujerar hagu da akwatin sifanu a kan cinya, ni a kan sitiyari. Na ɗauki allin ɗinki na sa alama a ƙarshen tsagar don mu riƙa ganin tafiyarta. Muna barin kwalta muka hau gargada, tsagar ta wuce alama ta farko tun kafin rana ta yi zafi. Duk ramin da muka faɗa, Ilu ya ce "Ya Salamu", ni in ƙara alama. Kafin Kanya Babba gilashin ya zama kamar rigar da aka yi wa awo sau goma.

Gaban Kanya kaɗan muka kafe a yashi. Barkono ba ta da tsawon ƙafa, cikinta ya zauna daram a ƙasa. Muna ta tono da hannu sai ga Fulani huɗu da shanunsu. Babbansu, wani dogo mai malfa, ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Malam, wannan ai ba ta isa yaye ba. Ina uwarta?" Suka tuntsire da dariya, sannan suka kama ta su huɗu suka ɗaga gindinta cak suka aza a kan tauri. Abin da suka nema a wurinmu shi ne kowa ya zauna a ciki ya danna ham. Sai da kowa ya danna sau uku, shanu suka watse, muka taya su tarowa. Matar babban ta ba mu nono mai sanyi a ƙwarya, ta ce mu sha, daga ganin idona ina da damuwa.

A Babura muka kwana gidan gwaggon Ilu. Ta yi mana tuwon gero miyar kuka da man shanu har yana kwaranya, ta yi ta yi wa Ilu faɗa don bai zo Sallah ba. Da gari ya waye na fito na sami bunsurunta a tsaye a kan tamfol ɗin Barkono yana kallon gari kamar hakimi. Na bi shi da takalmi. Gwaggo ta ce in bar shi, albarka yake sa mata.

A bakin iyaka ta ɓangarenmu, ɗan kwastan yana ɗaga kai ya ce, "A'a! Wannan ba motar Sale Direba ba ce?" Ashe sun yi zaman Kano tare. Na ce gyara zan kai ta, ya dubi gilashin da allin da ke jikinsa, ya ce, "Lalle kam. Allah ya sa ka riga shi dawowa." Ya ɗaga mana ƙarfe.

To a nan ne Ilu, wanda ya cika min kunne tun daga Kazaure cewa yana jin Faransanci kamar ruwa, ya manta ya gaya min abu ɗaya. Mu a nan hagu muke bi, su can dama suke bi. Ni kuwa na ɗauki hannuna na hagu kamar kullum, ina tafe cikin natsuwa, sai ga wata ƙatuwar mota cike da buhunan wake ta nufo ni gadan-gadan. Na yi mata ham, ta yi min. Na ce wa Ilu, "Wannan direban mahaukaci ne?" Shi ma na hango shi yana nuna ni yana gaya wa na kusa da shi wani abu, na tabbata maganar ɗaya ce. Muka taka birki tare, hancin Barkono ya tsaya a ƙarƙashin bambarta. Sai usur ta ko'ina.

Jandarmomi suka zaunar da mu a benci. Ilu ya miƙe zai yi Faransanci, ya faɗi kalma uku, ya sake maimaita su, sannan ya zauna. Babbansu, wani baƙi siriri da hula kamar gwangwani, ya ce da Hausa tsantsa, "Ku 'yan Ingilishi, ku yi magana da harshen uwarku mu ji." Haka suke kiranmu can, kamar yadda muke ce musu 'yan Faranshi. Ya duba takardu, ya ga sunan da ke takardar mota daban, na lasisina daban.

"Kai ɗa ne ko ɓarawo?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da safiyar wata Juma'a na zama duka biyun." Na kwashe labari na gaya masa tun daga makulli har bunsuru. Ya yi dariya har ya cire hular yana share ido, ya kira sauran ya sa na sake daga farko. Da zai sallame mu ya yago jan ƙyalle ya ɗaura min a wuyan hannun dama da kansa. Ya ce, "Duk inda ƙyallen nan yake, nan ne gefen hanyarka. In ka koma ƙasarku ka mayar da shi ɗaya hannun."

Daga nan tuƙin ya zama na mutum biyu. Sitiyarin Barkono a dama yake, ga ni a gefen dama, in zan wuce wata mota ba na ganin abin da ke tafe. Ilu ne idona. "Fita! Fita! A'a koma! Koma, Habu, don Allah!" Kafin Magarya muryarsa ta dushe.

A Magarya muka tsaya cin abinci. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, bayansa da tauri, ana saƙale shi a hammata a tafi da shi ba ko takarda. Na gatsa, sai da dasashina ya yi jini, amma in ka tsoma shi a gahawar da suke ba ka a kwano, ka manta da namu mai zaƙi. Abin da ya fi ba ni mamaki gaisuwarsu. In mutum ya shigo rumfa sai ya bi kowa ya ba shi hannu ɗaya bayan ɗaya, ko ya san ka ko bai san ka ba, in zai fita ya sake. Wani ya shigo neman ashana kawai, ya gaisa da mutum goma sha ɗaya shiga da fita. Da rana ta take kuma sai gari ya mutu. Ofis, kanti, gidan mai, duk a rufe har la'asar ta kusa. Mu da muke ɗinki da tsakar rana gumi na ɗiga a kan yadi, na ce wa Ilu ko dai mu ne ba mu da wayo.

Mun shiga Damagaram kafin magariba, tsagar ta kai ƙarfen sama ta kuma yi reshe biyu. Muka sauka wurin wani mai masaukin fatake, Malam Mamman, wanda ya ba mu ɗaki tare da wasu Buzaye masu sayar da cuku. Su suka koya min shan shayinsu. Kofi uku ne a jere, ɗan mitsitsi, na farko da ɗaci kamar maɗaci. Na kurɓe na farko na miƙe zan yi godiya, Malam Mamman ya jawo rigata ya ce in zauna, wanda ya tashi kafin na uku ya raina mai shayi. Kilishinsu kuwa, ku yi haƙuri mutanen gida, ya fi namu. Na faɗa, kuma ba zan janye ba.

Washegari aka kai mu wurin Malam Isufu, a bayan kasuwa. Gajeren tsoho ne marar yawan magana, hannuwansa duk tabon yanka. Ya shafa gilashin Barkono da tafin hannu, ya shinshina, ya ce, "Wa ya sa tafarnuwa?" Ilu ya dubi sama. Tsohon ya shiga ciki ya fito da gilashi guda a naɗe cikin bargo, ya ce mai wannan kaurin shi kaɗai ya rage masa a duk garin, in ya lalace sai dai mu nufi Yamai.

Aka kwance ƙarfen da ke riƙe da gilashin. Nufinsa ya aza tsohon gilashin a kan sabon ya zana, amma ana zare shi ya ruguje gida biyar. Ya ce ba komai, za a fitar da fasali a takarda daga jikin ƙarfen. Sai rana ta take. Malam Isufu ya wanke hannu, ya ce sai bayan hutu, ya tafi abinsa.

Ni kuwa zama ya gagare ni, ina ta lissafin kwanakin da suka rage. Na ce wa Ilu, "Fasali a takarda? Ai wannan sana'ata ce. Shekara goma sha biyu ina fitar da wuyan riga." Na sami takardar buhun siminti, na shimfiɗa, na aza ƙarfen, na zana, na ƙara ɗan abin da zai shige cikin kwarmin ƙarfe kamar yadda na ga tsohon gilashin yake. Sannan na ɗauki almakashina na yanka. Da Malam Isufu ya dawo ya ɗaga takardar, ya ga yankan sumul ba ko karkata, ya ce, "Ka bar na shiga cikin ƙarfe?" Na ce na bari. Ya ce, "Madalla da tela."

Yankan gilashin nan abin kallo ne. Ashe gilashin mota biyu ne a manne, da wani danƙo a tsakani. Ya ja layi da ɗan ƙarfensa a sama, ya juya ya ja a ƙasa daidai kan na farko, ya bi da ƙwanƙwasa a hankali har tsaga ta bi layin. Sannan ya zuba wani ruwa mai warin asibiti a kan layin ya ƙyasta ashana. Wuta shuɗiya ta bi gefen gilashin, na dafe kai na ce shi ke nan ya ƙone min rayuwa. Ashe danƙon yake narkarwa. Ya sa reza ya raba, gefen ya fita salin-alin.

Aka kawo ƙarfe za a saka. Gilashi ya ƙi shiga. Aka juya, ya ƙi. Malam Isufu ya ɗauki takardata ya aza a kan ƙarfen, ya daɗe yana kallo. Ta ko'ina ta fi da faɗin yatsa guda, daidai wa daida, kamar da gangan.

"Tela, wannan rarar ta mece ce?"

Na duba, sai na gane. Rarar ɗinki ce. Hannuna bai taɓa yanka a kan layi ba, kullum sai ya bar faɗin yatsa na kalmasa, kuma ya bari ban ma sani ba. Na ce da ƙaramar murya, "Na kalmasa ne, Malam."

Ilu ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Maƙwabta suka taru, aka yi ta maimaitawa, wai ɗan Ingilishi ya bar wa gilashi wurin kalmasa. Malam Isufu bai yi dariya ba sai da ya gama tunani. Ya ce faɗin yatsa ya yi siriri a sake yankawa, in aka gwada gilashin zai fashe. Sai dai a ci shi da dutse. Ya ce, "Ka gode wa Allah tela ne kai mai ƙari. Da mai ragewa ne, da yanzu kana hanyar Yamai."

Kwana biyu cur muka yi muna gurza gefen gilashin nan da dutsen wasa wuƙa da ruwa, ni a gefe ɗaya, Ilu a ɗaya, tsohon yana zagayawa yana cewa a hankali. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Hutun ranar da na yi wa dariya a Magarya, ni ne na fi kowa jiransa. Masu wucewa suna tsayawa su ba mu hannu ɗaya bayan ɗaya, su ce, "Tela, yaya kalmasa?" Rana ta uku da hantsi gilashi ya zauna a cikin ƙarfensa ɗas. Malam Isufu ya goge shi da toka da tsumma. Na shiga na zauna, sai na ga kamar babu gilashi a wurin sam. Ya ɗaga guntun tsohon gilashin ya nuna min a rana, danƙon cikinsa ya yi ruwan ɗorawa, fuskarsa duk ƙananan ƙarce. Ya ce shekara ashirin na rana da yashi ke nan.

Dawowa ba mu tsaya shan nono ba. Na rufe gilashin da bargo duk sanda wata mota ta tunkaro, ina leƙe ta gefe, Ilu yana salati. Muka kwana Magarya, muka yi sammako. A bakin iyaka na kwance jan ƙyalle na mayar hannun hagu. Ɗan kwastan ɗin nan yana ganinmu ya ce, "Ku taka! Jirgin mutanen Kazaure ya sauka Kano tun jiya." Ashe an matso da shi. Yashin Kanya ma a guje muka keta shi, Barkono ta nuna mana dalilin sunanta.

Na shigar da ita rumfa bayan an sauko daga masallacin Juma'a, muka wanke ta ni da Ilu har tayoyi. Ban gama matse tsumma ba na ji guɗa a ƙofar gida. Kawu ya shigo cikin farar jallabiya, ya rame, ya yi haske, mutane maƙil a bayansa. Kafin ya zauna, kafin a buɗe dabino da zamzam, ya nufi rumfa. Ya aza hannu a kan bonet, ya ji ɗumi. Ya juyo ya ce wa jama'a, "Kun gani? Yau Juma'a, ya tashe ta. Shi ya sa na ba shi makulli." Ya dafa kaina ya yi min addu'a doguwa. Rabin mutanen da suka ce amin sun san inda na fito, amma ba mai son ya zama shi ne ya ɓata wa sabon alhaji rai. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Washegari da hantsi, baƙi sun ɗan ragu, na zo gaishe shi na tarar da shi zaune a cikin motar, ƙyauren gida a buɗe, yana kallon waje ta gilashi. Bai ji sallamata ba. Da na matsa sai na ga hawaye a gemunsa.

"Habu, zo. Waccan ba Ladi mai ƙosai ba ce a gindin dalbejiya? Ga tsinken da take juyi da shi ina gani." Ya juyo ya dube ni. "Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Abu. Shekara huɗu ke nan in na zauna a nan sai in ga hanya dishi-dishi, kamar hayaƙi. Na ce idona ya tafi. Direban da ba ya ganin hanya me ya rage masa? Shi ya sa na daina fita da ita, kuna cewa kishinta nake. A Arfa abu ɗaya na roƙa wa kaina, Allah ya mayar min da ganin hanya. Ga shi, Habu. Ga shi!"

Da na yi shiru da magana ta ƙare a nan, har in sami ƙarin addu'a. Amma mutumin nan shi ya riƙe ni, jiya ya yabe ni a gaban jama'a a kan abin da ban yi ba, yau kuma yana kuka a kan gilashin motar sojan Faranshi. Na durƙusa a gefen ƙofar motar na ce, "Alhaji, ba idonka ba ne. Gilashin ne sabo." Na faɗa masa duka, Roni da tifa da iyaka da kalmasa, ban rage komai ba.

Ya fito da kansa ta gefe ya dubi dalbejiya, ya mayar ya duba ta gilashi, ya sake. Ya sa farce ya ƙwanƙwasa shi.

"Wato shekara huɗu ina makokin idona, ashe lafiyarsa ƙalau."

"Haka ne, Alhaji."

"Kuma ka fitar da ita, bayan na ce ka ji, ka ce ka ji."

"Na fitar, Alhaji. Ka yafe min."

Ya share gemunsa da hannun riga. Ya ce, "Na roƙi Allah ya mayar min da ganin hanya, ban zaɓa masa ta hannun wanda zai mayar ba. In ya ga dama ya aiko ta hannun tela marar jin magana, ni wane ne in ce a'a? Na yafe." Sannan ya miƙo tafin hannu. "Amma ba ni makullina."

Na ciro na sa masa. Wallahi ya fi min zafi a kan a ce mari ya yi min. Ya tashe ta, ya saurari gurnaninta, ya ce, "Zagayo ka shiga. Garin Gwiwa za mu, ƙanwata ta can ba ta san na dawo ba."

Shi ya tuƙa, ni a kujerar hagu hannu a kan gwiwa. Bai yi gudu ba. Duk wanda ya hango daga nesa sai ya kira sunansa tun kafin ni in gane shi, ya ɗaga masa hannu, ya dube ni ya ce, "Ka gan shi? Ni na riga ka." Yanzu kusan kullum da yamma za ku gan shi a hanyar Roni ko ta Gwiwa, tamfol a naɗe, hula a karkace. In ya bi ta ƙofar shagona yakan tsaya ya ɗauke ni. Makullin dai yana aljihunsa, ko ruwa zai shiga sha sai ya zare ya tafi da shi.